Tsohuwar Fijo 504 ta gado: wace inshora ta dace da ita?

Baban Ummi (Mabera): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nike nema ga waɗanda sunka san harkar inshora. Akwai Fijo 504 ta marigayi tsohonmu, haɗin Kaduna, ya saye ta sabuwa dal a 1983. Har yau injinta na asali ne, kujerunta na asali, fenti kawai anka taɓa sabuntawa. Tun rasuwarsa tana gareji, sai ranar Juma'a ko da salla nike fitar da ita. Kwanan baya wani ya zo daga Abuja ya taya ta naira miliyan 5, munka ce ba ta sayarwa ba ce. To tun ranar nan hankalina bai kwanta ba, don abin da ke gare ta kawai inshorar naira 15,000 ce da ake nuna ma 'yan sanda. Na je wani kamfani a yi mata cikakkiyar inshora, sunka ce ta tsufa, ba su yi ma irinta. Na je wani, sunka ce za su yi, amma ƙimar da za su rubuta mata naira 700,000 ce. Motar da anka taya miliyan 5! Ina mafita?

Gwanki: Wa'alaikumus salam. Baban Ummi, mafita ita ce ka kira mutumin Abujan nan tun bai farfaɗo daga abin da ya sha ba.

Ɗan Tsoho Bakanike: Gwanki kai yaro na, ba ka san Fijo ba. Na san motag ga, ni ka yi mata sabis tun Alhaji na da rai, Allah jiƙanai. Ba ta da tsatsa ko ɗigo ga ƙasan ƙofa, kuma nan ne 504 ka fara ruɓewa. Irinta duk Sakkwato ba su cika hannu ɗaya ba. Mafi yawa sun ƙare ga hanyar Illela da ta Gusau, an yi lodi da su har sunka mutu, sauran an yanka an sayar ma 'yan gwangwan.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Wa'alaikumus salam Baban Ummi, Allah ya jiƙan Alhaji. Na yi aikin nan shekaru masu yawa a Kaduna kafin in dawo gida, bari in ɗan yi bayani, a yi haƙuri da tsawonsa.

Da farko, takardar 15,000 ɗin da ke hannunka ba ta motarka ba ce, ta mutanen da ke kan titi ce. Ita ake kira tad-fati. In ka buge wani, ko ka fasa wa wani mota ko katanga, kamfani ne zai biya shi a madadinka. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta ɗaga kuɗinta daga 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Amma in Fijon ce ta ƙone a gareji, ko aka sace ta, ko kai ka daki bishiya da ita, ko sisi ba za ka gani ba.

Sai maganar ƙima, wadda ita ce ainihin matsalarka. Ƙa'idar inshora ita ce a mayar da kai inda kake kafin asara ta same ka, ba ƙari ba ragi. A inshorar mota ta yau da kullum, abin da ake dubawa shi ne kuɗin motar a kasuwa ranar da abin ya faru. Lissafinsu kuma an gina shi ne a kan cewa kowace shekara mota tana raguwa. Yaron da ya karɓe ka a ofis ya ga 1983, ya ga Fijo, sai ya tuna da waɗanda ke dakon albasa, ya rubuta 700,000. Bai yi maka mugunta ba, abin da aka koya masa ke nan.

Kada kuma ka ɗauka in ka matsa suka rubuta miliyan 5 a fom shi ke nan. A irin wannan takardar, adadin da aka rubuta shi ne iyakar abin da za su iya biya, bai zama alkawarin abin da za su biya ba. Kana iya biyan kuɗin miliyan 5 shekara da shekaru, ranar da ta ƙone su turo mai tantance asara ya zagaya kasuwa ya dawo ya ce 504 ta 1983 ba ta wuce 700,000 ba. Abin da kake bukata shi ne yarjejeniyar ƙima: ku zauna tun motar tana lafiya, ku amince a kan adadi, a rubuta a jikin takardar cewa in ta salwanta gaba ɗaya wannan adadin za a biya ba tare da sake kimantawa ba. In babu wannan layin, ni dai ban ba ka shawarar ka ba da kuɗinka ba.

Baban Ummi (Mabera): Na gode ƙwarai Baba. Nawa irin wagga za ta ci a shekara?

Tsohon Ma'aikacin Inshora: A sanarwar da ta ɗaga kuɗin tad-fati, NAICOM ta ce cikakkiyar inshora kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar mota. Ke nan a miliyan 5, mafi ƙaranci 250,000 a shekara. Suna iya ɗorawa saboda shekarunta.

Gwanki: 250,000 duk shekara a kan motar da ke fita ranar Juma'a kawai? A shekara 20 ka biya kuɗinta cif. Wallahi ni da in yi haka gara in sayi tumaki.

Malam na Gwiwa: Assalamu alaikum. Kafin a yi nisa da lissafi, akwai tambayar da ya kamata a fara yi, ita ce ko abin ma ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda ake biyan kamfani kuɗi tsayayye akwai garari, wato rashin tabbas, mai yawa a cikinta, wanda ke ɓata ciniki. Ka ba da 250,000, ba ka san ko za ka karɓi miliyan 5 ko ba za ka karɓi komai ba. Cinikin biri a sama ke nan. Ga kuma ribar banki da kamfanonin ke juya kuɗin a ciki. Majalisar ta ce madadinta ita ce inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta.

Ta dole da hukuma ta ɗora, wannan malamai da yawa sun yi sauƙi a kanta saboda tilas. Amma wadda Baban Ummi ke nema ba wanda ya tilasta shi.

Ɗan Illela: Allah gafarta Malam, to ai shi ke nan an kashe magana. Mu dai abin da munka sani, Allah ka tsarewa. Na shekara da shekaru bisa hanya, takardar da nika yi ta gindin icce ta, 'yan sanda su duba su miƙo min.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Ɗan Illela, ta gindin iccen nan ita ce ta fi kowace zama asara, don kuɗi ka bayar aka ba ka takardar da babu kamfanin da ya san da ita. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, ko ka shiga askniid.org. In motarka ba ta fito a rumbun bayanan kamfanonin inshora ba, to ba ka da inshora. Tun 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara tsananta binciken tad-fati a ƙasa baki ɗaya, kuma su ma suna iya dubawa a waya.

Allah gafarta Malam, ban ja da fatawa ba, ba fagena ba ne. Zan dai ƙara da cewa akwai manyan malamai irin su Shaikh Mustafa al-Zarqa na Siriya da suka halatta ta. Kuma yanzu ma ba sai an shiga saɓanin ba, tunda akwai takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakon juna, a Najeriya. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanonin da shi kaɗai suke yi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

Malam na Gwiwa: Haka ne, kuma ban ce an kashe magana ba, Ɗan Illela. Kai ma da ka ce Allah ke tsarewa ai kana kulle motarka da dare. Takaful asalinsa sananne ne. Hadisin Ash'ariyawa yana cikin Bukhari da Muslim: in guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su a kan haka. A takaful kuɗin da ka zuba gudummawa ce cikin asusun jama'a, wanda asara ta sama a ɗiba a ba shi, kamfani wakili ne da ke karɓar ladan kula da asusun, ba ya juya kuɗin a harkar riba, in kuma an yi rara a ƙarshen shekara ana iya mayar wa masu zubi. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979.

Wani abin da nake so direbobinmu su riƙa tunawa shi ne diyya. Wanda ya kashe mutum bisa kuskure akwai diyya a kansa, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinari, kuma shari'a ta ɗora ta ne a kan aƙila, wato danginsa na wajen uba. A yau dangin wa za su iya tara wannan? Yawanci sai dai a je gaisuwa a roƙi yafiya, marayu su tashi hannu wofi. Saboda haka ni ban raina ta dolen nan ba in ta gaskiya ce, don haƙƙin wani take karewa.

Ɗan Illela: Na danna lambar. Ba ta fito ba. Innalillahi.

Gwanki: Sai a koma gindin icce a karɓo canji.

Maman Sadiq: Sallama gare ku. Ni tambayata ga Baban Ummi, kuma ka yi haƙuri ƙanena in na shiga abin da ba a sa ni ba. Ka ce "munka ce ba ta sayarwa ba ce". Su wa da wa? An raba gadon? Motar ta faɗo a kasonka ne, ko har yanzu ta magada ce gaba ɗaya? Na tambaya ne don mun ga irin wannan a gidanmu. Abu yana ajiye ba wanda ya kula da shi, ranar da aka ji an taya shi da tsada kowa ya tuna yana da kaso. In akwai mata da ƙanana a cikin magadan, miliyan 5 ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, wata ƙila ita kuɗin take so ba tarihi ba, kunya ce ta hana ta faɗa a gaban yayyenta.

Baban Ummi (Mabera): Yaya, ba ki shiga abin da ba a sa ki ba. An raba gidaje da gona, ita motar anka bar ta a hannuna da yardar kowa saboda ni ka kula da ita. Ba a rubuta komai ba. Takardunta duk da sunan tsoho suke, haka nike sabunta su.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: To Hajiya ta taɓo abin da ya fi wanda na faɗa muhimmanci. Baban Ummi, dakata da maganar ƙima tukuna. Ana yin inshora ne da mai rai wanda ke da haƙƙi a cikin dukiyar, wanda in ta salwanta shi ne ya yi asara. In takarda ta fita da sunan wanda ya rasu, ranar neman biya tambayar farko ita ce wa ya cika fom, wa ya sa hannu, kuma me ya sa ba a gaya wa kamfani mai motar ya rasu ba. Harkar nan an gina ta a kan faɗin gaskiya tun farko. Duk abin da ka ɓoye wanda da sun sani zai canza shawararsu, suna iya kafa hujja da shi su ƙi biya. Ko tad-fatin da ke hannunka ma ina jin tsoron wannan matsalar ta shafe ta.

Ku zauna da 'yan'uwanka. Ko dai a yi mata kuɗi ka biya su kasonsu ta zama taka, ko su rubuta sun bar maka, ko a rubuta ta magada ce kai ne wakili. Kotun shari'ar da ta raba gadon tana iya ba ku takarda. Da ita za ka je a canza sunan mai mota a takardun lasin, sannan a zo maganar inshora.

Malam na Gwiwa: Wannan gaskiya ne ta fuskar shari'a ma. Yardar baki tana wadatarwa tsakanin masu rai, amma 'ya'yansu ba su ji ta ba. A rubuta, a sa shaidu. In akwai wanda bai balaga ba cikin magada, ba a kyautar da kasonsa, sai dai a biya shi.

Basakkwace a Ingila: Ina bin muhawarar nan daga nesa, ta tuna min gida. A nan abin yana da tsari nasa daban. Motar da ta wuce shekara 40 ana iya yi mata rajista a matsayin ta tarihi, a ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata wani babban sauyi ba. Fijon Baban Ummi da a nan take ta shiga wannan sahun. Inshora dai dole ce in za ta hau titi, amma akwai kamfanonin da tsofaffin motoci kawai suke yi wa, kuma sau da yawa ta fi ta motar yau da kullum araha. Dalili shi ne an ƙayyade tafiyar da za ka yi a shekara, ana so ta kwana a gareji, kuma yawanci sai kana da wata motar ta zirga-zirga. Sun lura mai irin wannan motar ba ya gudu da ita. Yarjejeniyar ƙimar da Baba ya faɗa kuwa a nan abu ne da aka saba, hotuna kake turawa da takardar wanda ya kimanta, wani lokaci ƙungiyar masu irin motar ce ke ba da shaidar.

Gwanki: Wato a can tsufa daraja yake ƙara mata, a nan kuma VIO yake jawo mata.

Ɗan Tsoho Bakanike: Ku bar ni in yi magana ga abin da na sani. Ku duka kuna zancen hatsari da sata. Wa za ya saci 504 ga Sakkwato? Ina za ya kai ta ba a gane ta ba? Abin da ni ka ba ni tsoro wuta ta.

Motag ga kafireta gare ta. Tiyon mai na roba da ka zuwa ga kafireta, zafin garin ga na watan Maris da Afrilu, da ka wuce digiri 40, shina busar da shi har ya tsattsage. In ka lanƙwasa shi da hannu za ka ga tsaga ƙanana awa ƙafar mai kaushi. Mota ta kwana shida ba a tayar ba, ran Juma'a a zo a yi ta ba ta wuta, mai na ɗiga bisa injin, ga wayoyi na shekara 40 da ɓera ya ɗanɗana. Na ga Marsandi ta ƙone haka ƙurmus gaban masallaci, mai ita na tsaye da babbar riga ba abin da ya iya. Baban Ummi, ko ka yi inshora ko ba ka yi ba, a canza tiyon mai duka, a bi wayarin a duba, a sa makunnin da ka yanke batir in an aje ta, kuma ka sayi tukunyar kashe gobara ta gaske ka aje kusa da kujerar direba, ba cikin but ba. Kuma a fitar da jarkokin man janareto daga garejin nan, na gane su da idona.

Baban Ummi (Mabera): Maigida ka tona min asiri a zaure. Za a fitar da su yau.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Maganar Ɗan Tsoho ta kawo mu ga hanya ta tsakiya, wadda za ta amsa ƙorafin Gwanki. Tsakanin tad-fati da cikakkiya akwai wadda ta haɗa tad-fati da gobara da sata. Ba ta biyan gyaran motarka in ka yi karo, amma in ta ƙone ko aka ɗauke ta za a biya, kuma ta fi cikakkiya sauƙin kuɗi. Ga motar da rabin rayuwarta a gareji take, wannan ta fi kama da abin da kake tsoro. Ita ma dai sai da yarjejeniyar ƙima, in ba haka ba 700,000 ɗin nan ce za ta dawo.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar ka rage ƙimar don kuɗin shekara ya sauka. Akwai sharaɗin da ke cewa in ka yi wa abu inshora ƙasa da ƙimarsa, kai ka ɗauki ragowar. Misali an tabbatar motar ta kai miliyan 5, kai kuma miliyan 2 ka rubuta, sai wuta ta yi ɓarnar miliyan 1. Biyu cikin biyar za su biya, wato 400,000, kuma daga ciki za a cire kason farko da takarda ta ce mai mota ne zai ɗauka a kowace asara. Na sha ganin 'yan kasuwa sun yi kuka a kan wannan sharaɗin bayan gobara. Mutanen garin nan ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ba, ba sai na yi dogon bayani a kan abin da wuta ke yi cikin awa kaɗan ba.

Maman Sadiq: Baba, ruwa fa? Mabera in damina ta yi ƙarfi ai sai a hankali.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Ambaliya da tarzoma sau da yawa ba sa cikin takardar asali, ƙari ne da ake saya daban. Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ya san ruwa yana zuwa Sakkwato. Ya tambaya a rubuta masa.

Ɗan Tsoho Bakanike: Saura kayan gyara. Kaduna sun fara haɗa Fijo 1975, ita 504 ba su daina ta ba sai 2006, shi ya sa kayan inji har gobe ana samu, ko sabo ko na Baljiyam. Wahala tana ga kayan jiki na tsohon yayi: fitilun gaba na asali, bamba mai ƙarfe mai walƙiya, gilashin baya, dashbod da rana ba ta fasa ba. Waɗanga sai an yi cigiya Kano ko Kaduna, wani lokaci har Konni da Maraɗi. In kamfani ya ce a kai ta garejinsu a gyara, yaran yanzu da kwamfuta sunka iya, za su cika ta da fila su fesa fenti su ce an gama.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Shi ya sa zai nemi a rubuta cewa shi zai zaɓi bakanikensa. Ya kuma karanta abin da takarda ta ce a kan kayan da aka daina yi, don akwai masu cewa in ba a samu abu a kasuwa ba, farashinsa na ƙarshe a littafin kamfanin motar za su biya, wanda ba zai sayi ko murfin fitila a yau ba. Sai gawar mota. In kuɗin gyara ya kusa ƙimarta sukan ce ta mutu, su biya ka su ɗauki gawar. Ga Corolla wannan ba komai, ga motar mahaifinka kuwa ka nemi a rubuta kana da damar riƙe gawar a cire kuɗinta daga abin da za a ba ka.

Kada ka koma kan kanta wurin yaran da ke cika fom, ba su da ikon canza ko layi ɗaya. Ka nemi dillalin inshora mai rajista, shi zai kai maganar ga masu yanke shawara a hedikwata, kuma ladansa daga kamfani yake fitowa. Ka haɗa masa fayil: hotunan motar ciki da waje da ƙarƙashi, lambar inji da ta shasi, rasitan gyara, rasitin saye na 1983 in yana nan, da rahoton injiniyan mota mai kimantawa. In mutumin Abuja zai rubuto tayinsa, shi ma hujja ce. Takaful ɗin ma ta wannan hanyar za ka bi, kuma su ma sai ka nemi layin ƙimar, kasancewarsa takaful ba ya sa shi ya shigo da kansa. Ka kuma biya kuɗin ka karɓi rasit kafin ka ɗauka an rufe ka, don a dokar Najeriya in ba a biya ba babu inshora.

Baban Ummi (Mabera): Rasitin na nan cikin akwatin tsoho, har da littafin sabis. Zan fara da zama da 'yan'uwa in sha Allahu.

Ɗan Illela: Baba, tunda yau ranar tonon asiri ta, in na yi ta gaskiyar, tana yi min aiki in na ƙetara Konni?

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Sabon farashin 2023 ya haɗa da katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka yi don motar da ta ƙetara iyaka. Sai dai Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kafin ka dogara da shi ka sa kamfanin ya tabbatar maka a rubuce cewa yana aiki a can. Kuma motarka ta haya ce, kada ka karɓi ta 15,000, wannan ta motar gida ce. In ka yi hatsari da fasinja da ita, za su ce ba abin da aka yi yarjejeniya a kai ba ke nan.

Gwanki: To ni ga shawarar da za ta biya kuɗin inshorar ba tare da Baban Ummi ya taɓa aljihunsa ba. Yanzu yayin tsofaffin motoci ake a wurin biki, amare na son hoto da su, 'yan fim ma suna nema. A riƙa ba da ita haya sau biyu a wata. Ni zan zama direba.

Ɗan Tsoho Bakanike: Kai da ko kuloci ba ka iya saki ba.

Tsohon Ma'aikacin Inshora: Gwanki, ranar da aka karɓi ko naira ɗaya a kan ta ɗauki amarya, ta tashi daga motar gida ta koma ta haya, takardar kuma ta daina aiki a wannan tafiyar. In ɗiyar ƙanwarsa ce zai kai ɗakinta kyauta, babu laifi, sai dai ya duba wa da wa takarda ta yarda su tuƙa, don wasu sukan taƙaita ga sunayen da aka rubuta. In kuwa da gaske yana son hayar, ya faɗa wa dillali tun farko a sa ta a lissafi, kuɗin shekarar zai ƙaru.

Maman Sadiq: Hayar ma sai an tambayi sauran magada tukuna.